Kamun kifin tirawut da ƙwaron gashi a kogunan tsaunukan Aberdare na Kenya

A tsakiyar ƙasar Kenya, arewa da birnin Nairobi, akwai jerin tsaunuka masu tsawon kimanin kilomita 160 da ake kira Aberdare, waɗanda al'ummar Kikuyu suke kira Nyandarua. Daga samansu ne ƙananan koguna masu sanyi irin su Gura da Chania da Karuru da Mathioya suke gangarowa, suna ratsa fadamu da dazukan gora kafin su isa gonakin shayi. A cikin waɗannan koguna akwai kifin tirawut, wanda ba ɗan asalin yankin ba ne, amma ya shafe fiye da shekara 100 yana hayayyafa da kansa a can. Ana kama shi ta wata hanyar fatsa ta musamman, wadda ba a sa tana ko wani abinci a bakin ƙugiya. Maimakon haka ana naɗa wa ƙugiyar gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro. Wannan sana'a da wasa sun haɗa tarihin mulkin mallaka da abincin dubban iyalai da kuma makomar ruwan da birnin Nairobi yake sha.

Kifin da yadda yake rayuwa

Tirawut ɗan dangin kifin salmon ne, kuma iri biyu ne suka fi shahara a duniya. Na farko shi ne mai launin ƙasa-ƙasa da ɗige-ɗige baƙaƙe da jajaye, wanda asalinsa Turai ne da yammacin Asiya da tsaunukan Atlas na arewacin Afirka. Na biyu shi ne mai bakan gizo, wanda aka sa wa wannan suna saboda jan layin da ya bi gefen jikinsa, kuma asalinsa kogunan da ke zuba cikin tekun Pasifik ne a yammacin Amurka ta Arewa da yankin Kamchatka na Rasha.

Rayuwar wannan kifi ta rataya ne a kan sanyin ruwa. Ya fi sakewa idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Selsiyos. Idan ya haura 20 sai kifin ya fara galabaita, in ya kusa 25 kuwa mutuwa ce. Dalili shi ne ruwan sanyi ya fi riƙe iskar oksijin, shi kuma tirawut yana bukatarta fiye da yawancin kifaye. Wannan ne ya sa ba zai iya zama a manyan koguna masu ɗumi irin su Neja da Binuwai ba, inda tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa suke walawa. A kusa da layin Ikwaita, tudu ne kawai yake ba shi wurin zama, domin zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau. Ƙololuwar Aberdare mafi tsawo, wato Ol Donyo Lesatima, ta kai kusan mita 4,000, kuma a filayen da ke ƙarƙashinta raɓa takan daskare da dare.

Abu na biyu da yake bukata shi ne tsakuwa mai tsabta. Idan lokacin ƙwai ya zo, macen takan kwanta a gefenta ta riƙa kaɗa wutsiya har ta haƙa ɗan rami a cikin tsakuwa, ta zuba ƙwai, namiji ya zuba nasa ruwan, sannan ta rufe ramin. Ƙwan yakan yi makonni a binne, yana samun iska daga ruwan da ke ratsa tsakanin duwatsun. Idan laka ta toshe waɗannan ƙofofi, ƙwan ya shaƙe ke nan. Saboda haka masana suke kallon kogin da tirawut yake hayayyafa a cikinsa ba tare da taimakon mutum ba a matsayin kogi mai lafiya. Irin wannan kifi ne masu fatsa suke kira na daji, don bambanta shi da wanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo aka sako cikin ruwa.

Yadda ya zo Kenya

A ƙarni na 19 Turawan Ingila sun riƙa ɗaukar ƙwan tirawut zuwa ƙasashen da suka mallaka, suna shirya shi a cikin akwatuna tsakanin jiƙaƙƙen gansakuka da ƙanƙara don ya jure doguwar tafiyar jirgin ruwa. Ya isa tsibirin Tasmaniya na Ostireliya a 1864, ya shiga Niyu Zilan bayan 'yan shekaru, sannan ya kama zama a yankin Natal na Afirka ta Kudu a 1890.

A Kenya, ana danganta zuwansa da Ewart Grogan, Baturen da ya yi suna saboda tafiyar da ya yi daga kudancin Afirka zuwa Alƙahira tsakanin 1898 da 1900. A 1905 ne aka kawo ƙwan ta tashar jirgin ruwa ta Mombasa, aka ɗora shi a jirgin ƙasa, sannan 'yan dako suka hau da shi tsauni zuwa kogin Gura. Daga nan aka yi ta yaɗa kifin zuwa sauran kogunan Aberdare da na tsaunin Kenya, mai tsawon mita 5,199, har da ƙananan tafkunan da ke samansa irin su Alice da Rutundu. A 1919 aka kafa ƙungiyar masu fatsa da a yau ake kira Kenya Fly Fishers' Club, wadda har yanzu take da sansanoni a bakin kogin Mathioya. Gwamnati kuma ta buɗe gidan ƙyanƙyasar tirawut a Kiganjo, kusa da garin Nyeri, a ƙarshen shekarun 1940.

A wancan zamani wasan na Turawa 'yan kaka-gida ne da ma'aikatan mulki. Mutanen ƙasa, waɗanda aka ƙwace wa filayen noma a tuddan tsakiyar Kenya, sun kasance masu ɗaukar kaya da masu gadin kogi. Su waɗannan dazuka ne kuma suka zama maɓoyar mayaƙan Mau Mau a shekarun 1950, kuma a gefensu aka kama jagoransu Dedan Kimathi a 1956. Bayan samun 'yancin kai a 1963 kifin ya ci gaba da zama a inda yake, kula da shi kuma ya koma hannun hukumomin ƙasa. A yau 'yan Kenya ne mafi yawan masu jagorantar baƙi a bakin kogi, kuma ana samun ƙaruwar masu fatsa daga cikinsu.

Asalin fatsa da ƙwaron gashi

Hanyar kanta ta girmi zuwan kifin Afirka ta Gabas nesa ba kusa ba. Wani marubucin Rum mai suna Aelian, wanda ya rayu wajajen shekara ta 200 miladiyya, ya ba da labarin masuntan Makidoniya da suke naɗa jan ulu da gashin zakara guda biyu a ƙugiya don yaudarar wani kifi mai ɗige-ɗige. A Ingila, wani ɗan littafi da aka buga a 1496, wanda ake jingina wa Juliana Berners, ya lissafa ƙwarin gashi 12 da watannin da suka dace da kowanne. Littafin Izaak Walton na 1653 ya ƙara wa fatsa daraja a tsakanin masu karatu, kuma a 1676 abokinsa Charles Cotton ya ƙara masa babi na musamman a kan ƙwaron gashi.

A ƙarshen ƙarni na 19 Frederic Halford ya tsaya kai da fata cewa fatsar kirki ita ce wadda ƙwaron yake yawo a saman ruwa. G.E.M. Skues ya saɓa masa, yana mai nuna cewa mafi yawan abincin kifin a ƙarƙashin ruwa yake, don haka ya kamata a kwaikwayi tsutsar ƙwaro tun kafin ta yi fiffike. Masu fatsa na yau suna amfani da hanyoyin biyu. Can a tsaunukan Japan ma masunta sun daɗe da tasu hanyar da ake kira tenkara, wadda ba ta bukatar komai sai doguwar sanda da igiya da ƙwaro guda.

Kayan aiki da dabarar jifa

Bambancin wannan fatsa da sauran yana cikin nauyi. A fatsar da aka saba, dalma ko tana ce take da nauyi, ita ce take jan zare idan an wurga. Ƙwaron gashi kuwa ba shi da nauyin da zai kai shi ko'ina. Saboda haka igiyar ce ake yi mai kauri da nauyi, ita ake wurgawa, ƙwaron ya bi ta a baya. Mai fatsa yakan ɗaga sanda ya cilla igiyar bayansa, ya dakata kaɗan har ta miƙe a iska, sannan ya turo ta gaba ta warware a hankali a kan ruwa. Wanda ya yi gaggawar turowa kafin igiyar ta miƙe zai ji ta yi ƙara kamar bulala, sau da yawa ma ƙwaron ya tsinke.

Da can ana yin sandar ne da tsagaggen gora da aka manne, daga baya aka koma wa zaren gilashi, sannan tun shekarun 1970 aka karkata ga zaren kabon mai sauƙin ɗauka. Ana bai wa sanda da igiya lamba gwargwadon nauyinsu. A ƙananan koguna irin na Aberdare, inda rassa suka yi wa ruwa rumfa, an fi son mai lamba 3 ko 4, mai tsawon ƙafa 7 zuwa 8. A gindin sandar akwai kwarkwaron naɗe igiya. A bakin igiyar kuma ana ɗaura wani siririn zare garai-garai mai tsawon kimanin ƙafa 9, wanda yake ƙara sirancewa har inda aka ƙulla ƙugiya, don kada kifi ya ga abin da ya haɗa ƙwaron da mutum. Lambar ƙugiya tana hawa ne yayin da girmanta yake raguwa, wato mai lamba 16 ta fi mai lamba 12 ƙanƙanta.

Ƙwarin gashi sun kasu gida uku. Akwai busasshe, wanda yake zama a saman ruwa kamar fara ko tururuwa ko shinge da iska ta kaɗo. Akwai mai nutsewa, wanda ake ɗan ƙara wa nauyi da zaren ƙarfe ko ƙaramin dutsen ado don ya yi kama da tsutsar da ke rarrafe a ƙarƙashin duwatsu. Akwai kuma dogo, wanda ake ja da hannu kaɗan-kaɗan don ya yi kama da ɗan kifi ko talibambam. Ana haɗa su da gashin wuyan zakara da na ɗawisu da na agwagwa da gashin zomo da zaren siliki. Ɗaya daga cikin waɗanda aka daɗe ana amfani da su a ƙasar shi ne wanda ake kira Kenya Bug, baƙin ƙwaro mai nutsewa.

Yadda ake karanta kogi

Tirawut yakan tsaya ne yana fuskantar inda ruwa yake fitowa, domin ta nan abinci yake zuwa. Don haka mai fatsa yakan fara daga ƙasa ya riƙa hawa, yana tunkarar kifin ta baya. Kifin ba ya son ɓata ƙarfi wajen kokawa da igiyar ruwa, kuma ba ya son nisa da ita. Wuraren da ake nemansa su ne bayan babban dutse, da ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya rarake, da gindin itacen da ya faɗa kogi, da kuma layin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, inda kumfa take taruwa.

Babbar jarrabawa ita ce a sa ƙwaron ya tafi daidai da gudun ruwan da yake kai. Idan igiyar ta faɗa kan ruwa mai sauri alhali ƙwaron yana kan mai nawa, sai ta fizge shi ya riƙa jan layi a saman ruwa, abin da ƙwaron gaske ba ya yi. Da kifin ya ga haka sai ya ƙi taɓawa. Gwanaye kan gyara kwanciyar igiyar da ɗan juyin sanda ba tare da motsa ƙwaron ba. Inuwar mutum da takun ƙafa mai nauyi da farin tufafi duk suna korar kifi, shi ya sa ake ganin masu fatsa suna rarrafe ko durƙuso a bakin ruwa.

Kifin waɗannan koguna ba babba ba ne, galibi ba ya kai rabin kilo, domin abinci kaɗan ne a ruwan tsauni. Abin da yake jan mutane shi ne wahalar yaudararsa da kuma yanayin wurin. Gandun dajin Aberdare, wanda aka kafa a 1950, gida ne ga giwa da ɓauna da damisa da karkanda da wata babbar dabba mai ƙaho da ake kira bongo, wadda irinta na tsauni ya kusa ƙarewa a daji. Matsirgar Karuru tana zubowa a matakai uku da jimillarsu ta haura mita 270. Hukumar kula da namun daji ta Kenya tana bukatar mai yawo da ƙafa a cikin gandun ya tafi da jami'inta, musamman saboda ɓauna, wadda takan kwanta cikin ciyawar bakin kogi. Ana kuma bukatar lasisin kamun kifi, kuma ƙwaron gashi kaɗai aka amince da shi. Lokutan da suka fi dacewa su ne tsakanin damunan ƙasar biyu, wato babbar da ke sauka daga Maris zuwa Mayu da ƙaramar da ke zuwa daga Oktoba zuwa Disamba, domin ruwan sama yana gurɓata kogi ya kuma lalata hanyoyin mota.

Yawancin masu fatsa a yau suna mayar da kifin cikin ruwa bayan sun kama shi. Don kada ya mutu bayan an sake shi, ana danne ƙayar ƙugiya ta yadda za ta fita cikin sauƙi, ana jiƙa hannu kafin a taɓa shi don kada a goge santsin da ke kare fatarsa, kuma ba a barinsa a waje fiye da 'yan daƙiƙoƙi.

Sana'ar ɗaura ƙwaro

Abin da ya fi kawo wa 'yan Kenya kuɗi daga wannan wasa ba a bakin kogi yake ba. Ƙasar tana cikin manyan masu fitar da ƙwarin gashi zuwa kasuwannin duniya. Har yau babu injin da ya maye gurbin hannu a wannan aiki, don haka kowane ƙwaro mutum ne yake zama ya ɗaura shi, gashi bayan gashi. Akwai masana'antu da ƙananan shaguna a Nairobi da wasu garuruwan yammacin ƙasar, kuma kamfanin Fulling Mill na Ingila yana cikin waɗanda suke da masana'anta a Kenya. Ana lissafin aikin ne da dozin. Ƙwaron da ake sayarwa a shagunan Amurka da Turai da tsada, kaso kaɗan ne na kuɗinsa yake komawa ga wanda ya ɗaura shi, kuma da yawa daga cikin masu wannan sana'a ba su taɓa jefa abin da suka ƙera cikin kogi ba. Duk da haka aiki ne da ba ya bukatar babban jari, ana yin sa a zaune, abin da ya buɗe ƙofa ga mata da masu lalurar nakasa.

Baƙo ko ɗan gida

Kifin da masu fatsa suke ƙauna, masana muhalli da dama suna yi masa kallon ɗan mamaya. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya nau'o'in tirawut biyu a jerin halittu 100 mafiya ɓarna idan aka kai su inda ba nasu ba. A Lesotho, wani ƙaramin kifin tsaunukan Maloti, wanda aka taɓa zaton ya ƙare kafin a sake gano shi a 1970, ya tsira ne mafi yawa a sassan koguna da matsirga ta hana tirawut isa. A Afirka ta Kudu an shafe shekaru ana taƙaddama, har da zuwa kotu, tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin masu fatsa a kan ko a ayyana kifin a matsayin ɗan mamaya a hukumance.

A Aberdare hujjar masu kare shi ita ce sassan koguna na can sama ba su da kifaye na asali masu yawa tun farko, saboda sanyi da kuma matsirgai da suka tare hanya. Masu suka kuwa suna cewa rashin kifi ba ya nufin rashin rai, domin kwaɗi da ƙaguwar ruwa da ƙwari iri-iri sun rayu a can ba tare da mafarauci irin wannan ba. Matsayar da da yawa suka karkata gare ta ita ce a bar shi inda ya riga ya zauna, amma kada a kai shi wani sabon ruwa.

Barazanar da ke gaba

Babban haɗarin da kifin yake fuskanta shi ne wanda mutanen yankin ma suke fuskanta. Tsaunukan Aberdare ne suke ba birnin Nairobi mafi yawan ruwan shansa ta madatsun Ndakaini da Sasumua, kuma suna cikin masu ciyar da kogin Tana, mafi tsawo a Kenya, wanda madatsunsa suke samar da kaso mai yawa na lantarkin ƙasar. Sare itatuwa da ƙona gawayi da noma har bakin gaɓa suna aika laka cikin ruwa, suna kuma kawar da inuwar da ke hana kogi ɗumi. Lakar da take shaƙe ƙwan kifi ita ce take cike madatsun ruwa, take kuma ƙara kuɗin tace shi.

An ɗauki wasu matakai. Ƙungiyar Rhino Ark ta jagoranci kewaye dajin da shingen lantarki mai tsawon kusan kilomita 400, aikin da aka fara a 1989 aka kammala a 2009, don raba namun daji da gonaki da kuma rage satar katako. A 2015 aka ƙaddamar da wani asusun ruwa na yankin saman kogin Tana, wanda yake taimaka wa ƙananan manoma su yi kunyoyin tare zaizaya su kuma dasa itatuwa. Sai dai ɗumamar yanayi ba ta san shinge ba. Dusar ƙanƙarar Lewis da ke kan tsaunin Kenya ta rasa kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta tsakanin 1934 da 2010. Duk lokacin da zafin ruwa ya ƙaru, iyakar da tirawut zai iya rayuwa takan matsa sama, kuma tudun da ya rage masa yana da iyaka. Don haka masu kula da kogunan suke sa ido a kan ma'aunin zafi da yawan ƙananan kifayen da ake gani bayan kowace damina, domin daga nan ake fara gane halin da ruwan yake ciki.